Ranar da Na Lulluɓe Gona da Atamfa

Ga abin da na ajiye a gaban sanyi a yammacin nan: kunyoyi goma sha huɗu na farar yakuwa da ta fara 'ya'ya amma ba ta nuna ba, da turmi ashirin da biyu na sabuwar atamfa, wadda ita ce jarina gaba ɗaya. Irin yakuwar kuwa ko ƙwaya ɗaya ban rage a gida ba, duk na shuka. In gonar ta mutu, irin ya tafi ke nan, ni kuma in koma aikin tsayuwa a kamfanin ɗaure kwali. Don a gane yadda mace da hankalinta ta kai ga yafa wa ganye zanen sayarwa, sai na koma baya.

Sunana Hadiza, 'yar Maraɗi ce ni, kuma tun ina ƙarama nake saye da sayarwa. Cacar biza ce ta kawo ni Amurka, na bar 'ya'yana biyu wurin mahaifiyata. Zangona na farko New York ne, a shagon kitson wata mata da ta ce ta san dangina. Tana karɓar kuɗin aikin, ta karɓi har ihsanin da masu kitso suka bar mini, ta ce tana tara mini ne. Ranar da na tambayi abin da aka tara, sai ta lissafo mini kuɗin katifa da na wuta. Ban yi faɗa ba. Na ɗaure kayana na hau bas zuwa Greensboro, don na ji ana cewa mutanenmu suna da yawa a can, haya kuma da sauƙi.

A Greensboro na fara da kamfanin ɗaure kwali, tsaye tun safe har ƙafa ta kumbura. Wata rana a gidan wanki na ji wata mata tana yi wa wani faɗa a waya da Hausa, tana cewa in bai kai wa Mama magani ba kada ya sake kiranta. Na tsaya na saki baki kamar na ga ƙofar gidanmu. Ita ce Anti Rifkatu, mutuniyar kudancin Kaduna, Kirista, mai aikin kula da tsofaffi. Kafin kayanmu su bushe mun gama shirya zama tare a wani gida kusa da Gate City Boulevard. Ita ta koya mini tuƙi a titin nan, ita kuma ta ara mini but ɗin motarta da na fara sarin atamfa, Juma'a in buɗe shi a bakin masallaci, Lahadi a bakin cocinsu.

Ita ce dai ta fitar da ni daga kamfanin, ta samo mini aikin kula da wata tsohuwa Baturiya a unguwar Irving Park, Misis Alma. Gidan babba ne, tsoho, mai tagogin katako. Tsohuwar ta fara mantuwa, wani lokaci ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta daɗe da rasuwa, in amsa. Abin da take so a duniya shi ne katun na yara irin wanda ake nunawa lokacin Kirsimeti, ta kalle shi ko a tsakiyar zafi. A cikinsa akwai wani ɗan siriri mai farin gashi da tsinin hanci, yana yawo da burushi kafin gari ya waye, yana shafa wa tagogi da ciyawa farin fenti, yana mintsinin hancin yara. Suna da sunan da suke kiransa, bakina bai taɓa iya shi ba, sai na sa masa Mai Raɓa.

Wata safiya a sanyina na farko a gidan, ta kira ni bakin taga. Gilashin ya cika da zane fari, kamar ganye, kamar gashin tsuntsu, irin wanda mai lalle za ta yini ba ta yi ba.

"Kin gani? Ya zo," in ji ta. "Kakata takan ce in ya yi zane mai kyau, to ya yi ɓarna a wani wuri."

Na ce to, na kawo mata shayinta. Hankalina yana kan atamfa, ban ga abin da ya haɗa ni da mai fentin taga ba.

Abin da ya haɗa mu, yakuwa ce. A bakin but ɗin mota na lura mata suna taya zane suna hirar miya. Kowa na kewar ɗanyen ganye, musamman farar yakuwa irin ta wajenmu, wadda ake miya da ganyenta da ɓawonta, a yi daddawa da 'ya'yanta. Shagunan Afirka suna da jan zoɓo busasshe, amma farin nan babu shi ko'ina. Ni ma kaina in na tuna miyar mahaifiyata sai abincin gabana ya fita raina. Akwai wani dattijo, Baba Illo, da ya shekara da shekaru yana shuka 'yan tushe a bayan gidansa. Da zai koma gida gaba ɗaya, ya kira ni ya miƙo mini kwalba cike da iri.

"Ke na ga kina da hannun riƙo," ya ce. "Kada ki bari ya ƙare."

Na fara neman fili. Sai ga Alhaji Mamman, mai tura motoci Kwatano, ya ce yana da wurin da ya yi haya a bayan gari, ya cire masararsa, in zo in gani. Ƙarshen zafi ne lokacin. Muka gangara har bakin wani ɗan rafi, ƙasa baƙa, da danshi, ga inuwar itatuwa.

"Ƙanwata, fadama ce wannan," ya ce. "A gida yaushe ake lambu?"

"Da sanyi, Alhaji."

"To ga sanyi na tafe. Me kike jira?"

Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san abu biyu: ƙasar kwari ta fi ta tudu, sanyi kuma abokin mai lambu ne. Da sanyi muke cin salak da tumatir da albasa. Fari muke tsoro, da fara, da tsuntsu. Ban taɓa jin wanda ya ce sanyi ya ci masa gona ba. Na biya shi hayar sauran shekarar a take, har ina jin na yi masa wayo. Na shuka rabin kwalbar Baba Illo, na ƙara da alayyafo da kuɓewa.

Abin ya fito da kyau har ina kai mata su gani. Sai wata safiya na iso na tarar kwarin ya yi fari fat kamar an barbaɗa gishiri. Ganyen yana tsaye, na ce ashe ba komai. Kafin hantsi ya kwanta baƙi ƙirin, lagwaf, kamar an sheƙa masa tafasasshen ruwa. Ciyawar da ke can sama bakin shinge kuwa kore shar, ko a jikinta.

Na sami Alhaji a wurin motocinsa.

"Alhaji, ka san haka za ta faru."

"Hajiya, zafi da sanyi ai na Allah ne."

"Na Allah ne, amma hayar aljihunka ta shiga."

Ya yi dariya, ko kunya babu. "Ni ma haka aka koya mini da na zo. Ki ɗauka kuɗin makaranta kika biya."

Washegari ina shafa wa Misis Alma mai a ƙafa, hawaye ya kuɓuce mini. Ta tambaya, na gaya mata. Ashe a gona ta tashi kafin ta auri mai kuɗi. Matar da ba ta tuna ko ta karya kumallo, sai ga ta ta gyara zama, idonta ya buɗe.

"A ina kika shuka?"

"A gangare, bakin rafi."

Ta bugi gwiwarta. "Haba 'yata, ai a ɗakin kwanansa kika shuka. Rago ne, ba ya hawa tudu. Gangarowa yake yi kamar ruwa, ya kwanta a kwari."

Daga nan ta jero mini halin Mai Raɓa kamar tana ba da labarin wani maƙwabci da ta sani tun yarinta. Ba ya fita ran da ake iska, ba ya fita in akwai gajimare. In kin ga sama ta yi tas da yamma, ganye ko motsi ba ya yi, to yana hanya. Zuwansa na farko leƙe ne, yakan juya ya ba da ɗan lokaci kafin ya dawo da zama. Jiƙaƙƙiyar ƙasa tana ƙona masa ƙafa. Sannan yana da kunya.

"Ba ya yaye mayafin mai barci," ta ce. "Ki rufe su da zane har ƙasa, tun rana ba ta faɗi ba. Ban da leda, ta leda yakan kai hannu."

Ni Musulma ce, na san babu wani mai burushi da ke yawo da asuba, raɓa ce Allah ke daskarar da ita. Amma ni 'yar kasuwa ce. In aka ba ni labarin halin abokin hamayya, ba na tsayawa gardamar ko yana da hanci ko ba shi da shi. Na riƙe maganarta tsaf.

Da bazara ta zagayo na tsallake Alhaji Mamman na nemi mai filin da kansa, wani dattijo baƙar fata mai ƙarancin magana. Ya ba ni tudun bakin shinge, jar ƙasa mai tauri. Na ja kunyoyi goma sha ɗaya a can. Amma raina bai rabu da fadama ba, sai da na ƙara uku a ƙasa kusa da rafin. Na juye sauran kwalbar gaba ɗaya.

Damina ta yi albarka. Ganye nake yanka ina ɗaurawa, kafin in rufe but ɗin mota ya ƙare. A tsakiyar haka 'ya'yan Misis Alma suka mayar da ita gidan tsofaffi, aikina ya ƙare. Aka ce in koma kamfanin kwali, na ce a'a, na dogara da gonar. Matsala ɗaya ce: yakuwarmu ba ta fure sai rana ta fara gajarta. A gida hakan daidai ne. A nan kuwa tana fara 'ya'ya ne a daidai lokacin da Mai Raɓa ke ɗaura takalminsa. Kullum sai na fasa ƙwallo ɗaya in duba, 'ya'yan ciki farare, da taushi, da saura.

Ran nan Anti Rifkatu ta fito daga ɗaki riƙe da waya tana duba hasashen yanayi.

"Hajiya, saurayinki ya aiko. Gobe da asuba zai zo zance."

Na leƙa waje. Sama tas, tutar gidan mai da ke tsallaken titi ta langaɓe a jikin ƙarfenta. Na zaga shagunan kayan gona neman farin yadin da manoma ke rufe shuka da shi, an riga ni, ya ƙare. Muka kwashe zannuwan gado da barguna da labulen falo, muka nufi gonar bayan azahar. Na fara da ban ruwa har ƙasar ta jiƙe. Yakuwar ta fi ni tsawo, duk abin da muka kawo kunya biyu kawai ya rufe.

Na buɗe but ɗin mota.

"Hadiza, me za ki yi?"

"Abin da kika gani."

"Holan ce fa a ciki. Har takardar jikinta ba ki ɓare ba."

"Anti, atamfa ana saro wata. Baba Illo yana Tasawa, ban san ko yana raye ba, kuma ba za a bar ni in shigo da iri ta filin jirgi ba."

Ta kalle ni, ta kalli turamen, ta ce, "Ke dai ba a aurenki don hutu." Sai ta koma gefe ta yi magana a waya. Kafin la'asar motoci suka fara tsayawa a bakin shinge. Matan zumuntar cocinsu ne da tsofaffin zannuwan anko, sai ga namu na masallaci da suka ji labari, da mayafai da tsofaffin dardumai. Wata ta zo da kwandon maƙalan shanya. Wata Hajiya mai jiki ta sauko tana haki tana cewa in aka yi daddawar nan ba a ba ta ba, sai mun haɗu a gaban Allah.

Muka warware turame muna haɗa baki da baki da maƙalai, muna yafawa, muna danne gefen da duwatsu. Mai filin ya tsaya da motarsa, ya cire hula ya daɗe yana kallo. Ya ce shekarunsa da yawa a wurin nan bai taɓa ganin gona ta yi shigar biki ba. Ya juya, ya dawo da tulin bulo a bayan motar, ya sauke mana.

Rana ta yi ƙasa, na auna sauran zanen da ido na ga kunya uku kawai zai rufe, ga kuma shida a buɗe: uku a tudu, da ukun nan na bakin rafi. Na tudun 'yan tsiraru ne, jar ƙasa ta wahalar da su. Na bakin rafi su ne abin nunawa, sun fi kowa tsawo, sun fi kowa 'ya'ya.

"A kai ƙasa mana," in ji Anti Rifkatu. "Dubi yadda suka yi luf-luf."

Sauran matan ma haka suka ce, har biyu sun ɗauki zane sun fara gangarawa. Ni ma idona can yake. Na bi su 'yan taku, sai na ji sanyi ya kama mini idon sawu, alhali a sama ko alama babu. Ya riga ya fara kwanciya a kwarin.

"Ku dawo da shi sama," na ce.

"Ki bar masu kyau ki rufe ramammu?"

"Can ɗakinsa ne. Ko na rufe sai ya ci, in yi asarar shida. A bar masa ukun nan."

Hajiyar nan mai haki ta ce ita dai ba ta taɓa ganin mai ba ɓarawo zaɓi ba. Aka yi dariya, aka rufe na tudun. Muka yi magariba a kan ciyawa, matan coci suna jiranmu a mota, kowa ya kama gabansa.

Da gari ya waye muka dawo ni da Anti Rifkatu. Daga bakin hanya na ga komai ya yi fari, har shingen. Atamfofin sun sandare kamar kwali. Na matsa kusa da wata shuɗiya mai zanen tsuntsaye, sai na ga irin zanen nan na tagar Misis Alma kwance a kanta, fari a kan shuɗi, ganye-ganye. Hannuna yana ƙaiƙayin ɗagawa, na daure sai da rana ta hau ta fara narkar da shi. Sannan na cire bulo ɗaya na leƙa.

Ɗumin ƙasa ne ya fara bugun fuskata, da ƙamshin yakuwa. Ganyen kore, a tsaye, ƙwallayen suna nan yadda na bar su. Na bi kunya ta biyu, ta uku, har ta goma sha ɗaya. Inda zane ya taɓa kan reshe ya ɗan ƙone, shi ke nan. Ban san lokacin da na zauna daɓas a jiƙaƙƙiyar ƙasa ba. Ina ta alhamdu lillahi, Anti Rifkatu tana tata godiyar da waƙa ƙasa-ƙasa.

"Ya zo zance ya tarar amarya ta lulluɓe," ta ce, tana share ido da bakin mayafi. "Tashi, kin ɓata zanenki."

Na bakin rafi kuwa kafin hantsi sun kwanta baƙi, kamar bara. Ban ko gangara ba.

Mun sake rufewa a yammacin ranar, daga nan ɗumi ya dawo, kamar yadda tsohuwar ta ce. Ya ba ni lokacin da nake nema. Ƙwallayen suka bushe suka fara tsagewa, 'ya'yan suka yi baƙi da tauri. Muka yanke, muka ɓare, falonmu ya cika da shanya har ba wurin taka ƙafa. Ran da Mai Raɓa ya dawo da zama, karan banza ya tarar.

Na kai wa Misis Alma ziyara a gidan tsofaffin. Tana gaban talabijin, katun ɗinta na yi. Ba ta gane ni ba, ko sunan ƙanwarta ba ta kira ni da shi ba. Na zauna dai na riƙe hannunta. Da ɗan siririn ya fito da burushinsa, na nuna shi na ce, "Ya zo gonata."

Ta juyo. "Kin rufe su?"

"Na rufe."

"Da zane?"

"Da mafi tsada."

Ta gyaɗa kai ta koma kallonta. "Ba ya yayewa," ta ce.

Ga yadda lissafin ya tsaya. Na rasa kunyoyi uku, mafi kyau a gonar. Turmi biyar jar ƙasa ta kama su, wanki ya ƙi fitarwa, biyu kuma reshe ya yaga. Sauran na wanke na goge, na gaya wa kowa gaskiyar inda suka kwana, na karyar da su. Yagaggun na ɗinka mana labule da su, tunda namu ya tafi gona bai dawo da mutunci ba. A ɗaya gefen, farin ɓawon ya ƙare a hannun masu jira tun kafin ya gama bushewa, Hajiya mai haki ta sami daddawarta, ban koma kamfanin kwali ba. Kwalba ɗaya Baba Illo ya ba ni, yanzu tara nake da su, kuma ba a wuri ɗaya suke ba: akwai a ɗakina, akwai wurin Anti Rifkatu, akwai wurin mai filin. Ba na sake juye iri duka a ƙasa.

Da bazara Alhaji Mamman ya zo bakin but ɗin mota yana ƙanwata, ƙanwata, wai in taimaka masa da ɗan iri. Na sayar masa cikin cokali uku a farashin da ya sa ya cire hula ya sosa kai. Ya juya zai tafi na kira shi.

"Alhaji, ka shuka a tudu, kuma ka tanadi zane."

"Wannan kuma nawa ne?"

"Wannan kyauta ne. Ni ma kyauta aka ba ni."